Koyon Turkanci Ba Tare Da Malami Ba: Ka Tafi Da Hausarka A Hannu



A cikin saƙonnin da suke iso ni a 'yan makonnin nan, akwai tambayar da ta fi kowace maimaituwa: shin mutum zai iya koyon Turkanci shi kaɗai a ɗakinsa, da littafi da wayar hannu, ba tare da ya gurfana gaban malami ba? Masu tambayar kashi uku ne. Akwai 'yan kasuwa, maza da mata, masu saro tufafi a unguwannin Laleli da Merter da Osmanbey na birnin Santambul, ko kujeru da gadaje a İnegöl, ko darduma a Gaziantep. Akwai ɗalibai masu hanƙoron samun Türkiye Bursları, wato tallafin karatun da gwamnatin Turkiyya take bai wa 'yan ƙasashen waje da wannan suna tun 2012. Sai kuma waɗanda wasannin kwaikwayon Turkawa suka kwaɗaita wa harshen.

Amsata ita ce ana iyawa, domin ni ma ta wannan hanya na bi. Sai dai akwai sharaɗi guda wanda littattafan ba za su faɗa maka ba, kuma a kansa nake so mu tsaya yau. Galibin kayan koyon Turkanci da za su zo hannunka an rubuta su ne domin mai jin Ingilishi, ko Faransanci, ko kuma domin ajin da malami yake tsaye a gaba. Saboda haka sukan ɓata shafuka a kan abin da yake wahalar da Bature alhali kai ka san shi tun kana goye, sannan su tsallake abin da zai kayar da Bahaushe cikin layi biyu. Mai koyo shi kaɗai ba shi da wanda zai gyara masa wannan ma'auni. Dole ya gyara da kansa, kuma abin gyaran shi ne Hausarsa.

Kafin mu shiga ciki, ya kamata a san cewa maganar ba ta ado ba ce. Ɗan kasuwan da ya ɗauki jarin iyalinsa, ko na abokan adashinsa, ya tsallaka teku, yakan tsaya a shago mai kaya da tafinta suna zance a gabansa na tsawon minti biyu, a ƙarshe a juyo a gaya masa kalma uku. Sauran zancen ina ya tafi? Akwai masu rakiya amintattu, Allah Ya saka musu, amma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa wasu suna da kamashonsu a cikin kowane ciniki, kuma daga aljihun mai saye yake fitowa. Ɗalibi kuwa, ko da ya sami tallafin, shekara guda ake ba shi ta koyon harshe, ana sa ran a ƙarshenta ya kai matakin da zai zauna a aji ya saurari lacca da Turkanci, ya rubuta jarrabawa da shi. Wanda ya sauka a filin jirgi ba ya iya haɗa jimla ɗaya, ya shiga tseren ne da ɗingishi. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Bari mu fara da haruffa, domin nan ne tarko na farko yake. Tun ranar 1 ga Nuwamba, 1928, lokacin da majalisar Turkiyya a zamanin Mustafa Kemal Atatürk ta zartar da dokar sauya rubutu, Turkawa suka bar haruffan Larabci suka koma na boko. Haruffa 29 ne, takwas daga ciki wasula. Abin farin cikin shi ne yadda aka rubuta haka ake karantawa, kamar Hausa, ba irin Ingilishi ba da ake rubuta abu a furta wani. Abin lurar kuma shi ne, harafin da muke rubutawa "c" a kalmar "ciniki", su da 'yar wutsiya suke rubuta shi, "ç". "C" ɗinsu marar wutsiya kuwa "j" ɗinmu ne: cuma, a karanta "juma", Juma'a ke nan. Harafin "ş" shi ne "sh". Shi kuma "ğ" ba a furta shi sosai, ja kawai yake sa a yi wa wasalin da ya gabace shi.

Littafin da aka rubuta wa Bature ba zai tsaya a kan "p" da "f" ba, domin shi ba su dame shi ba. Mu kuwa a harshenmu sauti ɗaya muke da shi a wurin, shi ya sa "Faransa" da "fasinja" duk suka zama 'yan gida ɗaya. A Turkanci pil batir ne, fil giwa. Kuɗi kansu para ake ce musu, da "p". Haka "v" da "b". Sai kuma wasula uku da ba mu da su: "ö" da "ü" da "ı" marar ɗigo. Dubi waɗannan kalmomi huɗu: on goma ne, ön gaba, un garin fulawa, ün shahara. Sınır iyaka ce, sinir jijiya ko ɓacin rai. Ɗigo biyu a saman harafi, ko rashin ɗigo ɗaya, shi ne ɗan hakin da ka raina. Kuma akwai ɗabi'armu ta rufe kalma da wasali, wadda ta mai da "sabun" sabulu. Turkanci cike yake da kalmomin da suke ƙarewa da baƙi, kuma idan ka liƙa musu wasali a ƙarshe ka sauya ma'ana, domin ev gida ne, evi gidansa, eve zuwa gida. Saboda haka shawarata ta farko: makonni uku ko huɗu na farko a ba wa kunne da baki. Ka saurari sautin, ka maimaita da ƙarfi, ka ɗauki muryarka a waya, ka kwatanta. Babu malamin da zai ce maka "sake", don haka wayar ce za ta faɗa.

Bayan wannan hawa akwai gangara mai daɗi. Turkanci ba shi da karin sauti irin wanda yake raba "fari" na launi da "fari" na rashin ruwa. Ba shi da jinsi: o shi ne "shi", shi ne "ita", sen shi ne "kai", shi ne "ke". Jam'i kuwa, wanda a Hausa sai ka haddace na kowace kalma, gida gidaje, littafi littattafai, doki dawaki, a wurinsu ɗafa-ƙeya ɗaya ce mai fuska biyu: ler ko lar. Evler gidaje, kitaplar littattafai, atlar dawaki.

Wannan ya kawo mu ga zuciyar harshen. Turkanci harshe ne na jera ɗafa-ƙeya a bayan saiwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar raƙuman ayari, kowanne da kayansa kuma kowanne da gurbinsa. Littattafan Turawa sukan gabatar da wannan a matsayin abin al'ajabi. Ga Bahaushe ba baƙon abu ba ne gaba ɗaya, domin shi ma yana cewa gida, gidana, gidanmu, gidajenmu. Bambancin shi ne su sun kai abin nesa. Ev gida, evler gidaje, evlerimiz gidajenmu, evlerimizden daga gidajenmu. Göz ido, gözlük tabarau, gözlükçü mai sayar da tabarau, gözlükçülük sana'ar sayar da tabarau. Ga kuma wata wadda za ta firgita mai kallo daga nesa: gelemeyecekmişsiniz. Ka fasa ta: gel zo, eme rashin iyawa, yecek nan gaba, miş wai, siniz ku. Ma'ana, "wai ba za ku iya zuwa ba". Kalmominmu bakwai, tasu ɗaya, kuma babu wata gaɓa a ciki da ta zo da ka. Wanda ya fahimci wannan zai daina haddar dogayen kalmomi, ya koma koyon saiwoyi da ɗafa-ƙeya, ya riƙa gina kalmominsa da kansa.

Abin da yake sa ɗafa-ƙeya ta sauya fuska shi ne jituwar wasula: wasalin ƙarshe na saiwa shi yake zaɓar wa na bayansa kama. Hanya mafi sauƙi da na samu ta riƙe wannan doka ita ce gwada ta da garuruwanmu. Mu da ɗafa-goshi muke cewa Bakano, Bakatsine. Su kuwa a ƙeya suke sa ta: Katsinalı, Zinderli, Kanolu, mutumin Jodan kuma Ürdünlü. Ɗafa-ƙeya ɗaya ce, fuska huɗu. Idan aka tambaye ka daga ina kake, sai ka ce Kanoluyum, ko Nijeryalıyım, ko Nijerliyim. Jimlar da ka gina da sunan garinku ba ta ɓacewa daga kai kamar wadda aka gina maka da Landan.

Yanzu ga wurin da Hausa take yi wa Ingilishi fintinkau a matsayin tsani. Turkanci yana da lokacin da ya wuce iri biyu. Geldi, ya zo, na gani da idona ko na tabbata. Gelmiş, ya zo, amma ji na yi, ko kuwa yanzu na farga. Na ga littattafan da suka yi shafi uku suna kewaye-kewaye don su fahimtar da Bature wannan bambanci. Mu kalmomi biyu suka ishe mu: "wai" da "ashe". Gelmiş: wai ya zo, ko ashe ya zo. Shi ke nan. Haka var da yok, waɗanda su ne "akwai" da "babu" ba ƙari ba ragi: para var, akwai kuɗi, para yok, babu kuɗi. Haka siz, "ku", wadda ake faɗa wa mutum ɗaya don girmamawa, kamar yadda muke yi wa iyaye da malamai. Haka dangi: Ingilishi ya tattara su a kalma biyu, amma Baturke kamar Bahaushe ya raba amca, baffa, da dayı, kawu, ya raba hala, gwaggo, da teyze, inna. Uba kuwa baba ne a nan da can. Har gaisuwa: idan Baturke ya wuce mai aiki sai ya ce kolay gelsin, wanda littafin Bature yake rasa yadda zai fassara, alhali "sannu da aiki" ce tsaf. Geçmiş olsun ita ce "Allah Ya sawwaƙe" da ake yi wa majinyaci ko wanda tsautsayi ya faɗa wa. Duk wanda ya bi ta Ingilishi don ya kai ga waɗannan, ya yi zagaye ne zuwa gidan maƙwabcinsa.

Ga ɗan kasuwa, wannan darasi na "wai" ba nahawu ba ne kawai, dukiya ce. Ka tambayi ma'aikacin kamfanin dakon kaya ina kayanka. Zai iya cewa gönderildi, an aika. Zai iya cewa gönderilmedi, ba a aika ba. Zai iya cewa gönderilecek, za a aika. Zai iya kuma cewa gönderilmiş, wai an aika, wato shi ma bai gani ba. Amsoshi huɗu ne da farkonsu ɗaya, bambancin yana can ƙarshe inda kunnen baƙo ya riga ya gaji. A lura kuma, korewa a Hausa sau biyu take bugun kunne, "ba" a gaba "ba" a baya. A Turkanci gaɓa ɗaya ce, me ko ma, a ɓoye a tsakiyar kalma: ödendi an biya, ödenmedi ba a biya ba. Littafi zai ba wannan rabin shafi. Kai ka ba shi mako guda na sauraro. Haka lambobi: altmış sittin ne, yetmiş saba'in, kuma a bakin mai sauri sukan yi kama. Toptan sari ne, indirim ragi, peşin kuɗi hannu, fatura takardar shaidar ciniki. Kuma idan mai shago ya ɗaga kai sama ya yi ɗan ƙaramin tsaki, kada ranka ya ɓaci. A wurinsu "a'a" kawai yake nufi, ba raini ba ne.

Akwai wata taska kuma da Bahaushe yake shigowa da ita, wato kalmomin da mu da su muka aro daga Larabci. Dünya duniya, zaman zamani, tarih tarihi, siyaset siyasa, niyet niyya, fayda fa'ida, şart sharaɗi, kalem alƙalami, haber labari, ama amma. Wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya zai tsinci ɗaruruwa irinsu a kyauta. Sai dai kama da wane ba ta wane. Cevap amsa ce, ba jawabi ba. Dakika minti ne, ba daƙiƙar da muke nufi da sakan ba. Misafir baƙo ne wanda ya sauka a gidanka. Cami masallaci ne, ba jami'a ba. Hayır tana nufin alheri, amma ita ce kuma "a'a". Kuma a inda ka fi sa ran Larabci zai taimake ka, wato kalmomin ibada, sai ka tarar da na Farisanci: salla namaz, alwala abdest, annabi peygamber.

Dalilin da ya sa taskar ba ta kai yadda ake zato ba yana cikin tarihi. Bayan sauya haruffa, a 1932 aka kafa hukumar harshe, Türk Dil Kurumu, wadda ta duƙufa wajen maye gurbin kalmomin Larabci da Farisanci da na asalin Turkanci ko ƙirƙirarru. Mektep ta zama okul, makaranta. Muallim ya zama öğretmen. Talebe ya zama öğrenci. Tayyare ta zama uçak, jirgin sama. Sauyin ya yi zurfin da har doguwar huɗubar da Atatürk ya yi a 1927 sai da aka sake juya ta zuwa Turkancin zamani domin jikoki su fahimta. Masanin nan ɗan Ingila, Geoffrey Lewis, ya yi littafi sukutum a kan wannan gyara a 1999. Amfanin sanin wannan ga mai koyo shi ne, sau da yawa zai tarar da kalma biyu ga abu ɗaya, tsohuwa wadda ya gane da sabuwa wadda bai gane ba. Ya riƙe tsohuwar a matsayin igiya, amma ya koyi sabuwar, domin ita ce a jarida da takardun hukuma da ajin jami'a.

To, da wane kaya za a yi aikin? Littattafan da suka fi shahara uku ne: Yeni Hitit na cibiyar TÖMER ta Jami'ar Ankara, da jerin İstanbul na Jami'ar Santambul, da Yedi İklim Türkçe na Cibiyar Yunus Emre, wadda gwamnati ta kafa don yaɗa harshe da al'adun Turkawa a duniya. Dukansu nagari ne, an tsara su daki-daki daga matakin A1 zuwa sama. Amma littattafan aji ne, kusan komai a cikinsu da Turkanci yake, har umarnin aikin gida. Wanda ya fara da su shi kaɗai kamar wanda aka miƙa wa makulli ne a cikin akwatin da aka kulle. A watannin farko ana buƙatar littafi mai sharuɗɗa uku: yana bayani da harshen da ka iya, yana da sauti, yana da amsoshin atisaye a bayansa. Complete Turkish na jerin Teach Yourself ya cika su. 'Yan'uwanmu na Nijar suna da na kamfanin Assimil da Faransanci. Akwai kuma tsohon kwas ɗin da cibiyar horar da jami'an diflomasiyyar Amurka, FSI, ta shirya tun shekarun 1960, wanda ake samu kyauta a intanet tare da sautinsa. Zancen cikinsa ya tsufa, amma atisayen maimaitawarsa yana horar da baki yadda ya kamata, kuma da tsohuwar zuma ake magani. Idan aka yi wata huɗu ko biyar, sai a koma wa ɗaya daga cikin ukun can. Ƙamus kuwa, na hukumar harshe yana intanet kyauta, kuma Cibiyar Yunus Emre tana da darussa ta intanet.

Littafi ɗaya za ka zaɓa, ka bi shi daga bango zuwa bango. Cutar mai koyo shi kaɗai a wannan zamani ba rashin kaya ba ce, yawansu ne. Sai ka ga mutum ya tara littattafai goma sha biyu a waya, ya shiga zauruka biyar na WhatsApp, yana bin tashoshi ashirin a YouTube, amma kullum yana darasi na uku. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha biyu. Manhaja irin Duolingo tana da amfani wajen sa mutum ya taɓa harshen kowace rana, amma ba ta zama ta warware maka dalilin ɗafa-ƙeya, don haka mahaɗi ce, ba tuwon ba. Anki kuwa, manhajar da take dawo maka da kalma daidai lokacin da ka kusa mance ta, ta fi amfani idan kai ka rubuta katunanka da Hausa. Kuma saboda halin wuta da tsadar data, a sauke sautukan gaba ɗaya a ajiye, kada karatu ya dogara da samuwar sabis.

Game da finafinai, gaskiya ɗaya ce. Diriliş: Ertuğrul, wanda tashar TRT 1 ta nuna daga 2014 zuwa 2019, da Kuruluş Osman da ya biyo bayansa, sun sa dubban mutanenmu ƙaunar Turkawa. Amma wanda aka juya zuwa Hausa ba ya koyar da Turkanci ko kalma ɗaya, na asalin kuma da gangan aka yi masa harshen fada da na fagen fama. Wanda ya shiga shago da shi, kamar wanda ya je Kantin Kwari ne yana taya atamfa da kirarin sarakuna. Wasannin da suka shafi zaman iyali na yau sun fi amfani, zanen yara na tashar TRT Çocuk ya fi su duka ga mai farawa. Ga kuma dabarar da ta yi mini aiki ƙwarai: tun da TRT Afrika ta buɗe sashen Hausa a 2023, sai ka karanta labarin wani al'amari da Hausa, sannan ka nemi labarin wannan al'amari a shafin TRT Haber ko na kamfanin dillancin labarai na Anadolu da Turkanci. Da yake ka riga ka san abin da ya faru, hankalinka zai tafi ga yadda aka faɗe shi.

Kada in bar mai karatu da zaton hanyar duk shimfiɗaɗɗiya ce. Akwai dutse a tsakiya, kuma a nan Hausa ba ta da abin da za ta ba ka sai haƙuri. Mu aikatau a tsakiyar jimla muke sa shi, su a ƙarshe. Mu sai mu ambaci abu sannan mu siffanta shi, su sai sun gama siffantawa abin yake fitowa. Muna cewa, "Na aika Kano da yadin da na saya jiya a Laleli." Su kuwa: Dün Laleli'den aldığım kumaşı Kano'ya gönderdim, wato jiya, daga Laleli, wanda na saya, yadi, zuwa Kano, na aika. A gajeriyar jimla abin wasa ne. A jimlar jarida mai layi biyar kuwa, a nan yawancin masu koyo suke ajiye littafi. Maganin shi ne ka fara karatu daga wutsiya: nemo aikatau a ƙarshe, ka ga wa ya yi, yaushe, an yi ko ba a yi ba, sannan ka dawo baya kana tsintar sauran. Bayan wasu watanni ido yakan saba, daga baya kunne ya bi.

Tsawon lokaci fa? Waccan cibiya ta Amurka ta ƙiyasta wa jami'anta mako 44, kimanin sa'o'i 1,100 a aji, kafin su iya aiki da Turkanci. Idan ka raba wannan a kan sa'a ɗaya kowace rana, shekara uku ke nan. Duk wanda ya tallata maka Turkanci cikin kwana talatin, kuɗinka yake so. Amma ba kowa ne yake buƙatar ƙololuwar ba. Gaisuwa, lambobi, ciniki, tambayar hanya, da gane ko an ce "an aika" ko "wai an aika", wannan yana samuwa cikin wata shida ga mai ba shi minti arba'in ko sa'a guda kullum ba fashi. Kullum ɗin ita ce magana. Rabin sa'a bayan sallar asuba kowace rana ta fi sa'a biyar ranar Lahadi kaɗai.

Abu biyu ne littafi ba zai yi maka ba. Na farko, ba zai amsa maka ba. Daga wata na uku ka nemi wanda za ka yi magana da shi, ko da minti goma sha biyar a mako: ɗalibin da ya dawo daga can, ko abokin cinikinka na Laleli ta saƙon murya, ko manhajojin musayar harshe irin Tandem, tare da taka-tsantsan da ya kamaci hulɗa da wanda ba ka sani ba, musamman ga 'yan'uwa mata. Na biyu, ba zai gaya maka matsayinka na gaskiya ba. Mai koyo shi kaɗai shi ne ɗalibi shi ne mai ba da maki, kuma kowa yana yi wa kansa sassauci. Saboda haka a ƙarshen kowane mataki ka yi jarrabawar da take bayan littafin da agogo a gabanka. Mai neman shaida a hukumance kuma akwai jarrabawar ƙwarewa ta TYS da Cibiyar Yunus Emre take shiryawa. Manhajar fassara ta waya tana da ranarta, za ta karanta maka allon tasha ko takardar magani, amma kayan aro ba ya rufe katara, kuma ba a taya kaya da ita.

Abin da ya haɗa duk wannan shi ne ɗan littafin rubutu guda. Ka raba kowane shafi gida uku: kalmar Turkanci, ma'anarta da Hausa, sai jimlar da ka gina da kanka a kan rayuwarka. Ka ware shafuka na kalmomin da muka yi tarayya, da na masu kama da wane, da na "p" da "f". Cikin shekara guda za ka ga ka rubuta wa kanka littafin da ya fi dacewa da kai fiye da duk wanda ka saya.

Daga nan ne nake miƙa kira ga matasanmu da suka yi digiri a Ankara da Konya da Bursa da Santambul suka dawo, da kuma malaman sassan harsuna a Jami'ar Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo da Abdou Moumouni ta Yamai. Hajiyar da take saro kaya sau uku a shekara, wadda ta iya karatun Hausa da lissafin da ya fi na mai digiri amma ba ta yi Ingilishi mai zurfi ba, bai kamata a ce sai ta koyi harshe na biyu kafin ta kai ga na uku ba. Ƙaramin littafi mai shafi ɗari, Turkanci da bayanin Hausa, da sautinsa a waya, zai tsare jarin mutane da yawa. Masu ilimin suna nan, masu buƙatar suna nan. Kafin su haɗu, kowa ya buɗe nasa littafin rubutun ya soma.

Ga masu niyyar farawa a wannan mako, kolay gelsin, sannunku da aiki. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.